WA KE FARKE IDAN ƊALIBAI SUN YI BARCI?

 

Kwanan baya wani dattijo maƙwabcina ya kai 'yarsa jami'a. Ita ce ta farko a gidansa da karatu ya kai wannan matsayi, saboda haka shi da kansa ya ɗauki akwatinta da katifarta, ya raka ta har ƙofar ɗakunan kwanan 'yan mata, inda mai gadi ya ce masa iyakarsa ke nan. Da ya komo gida na je yi masa barka da hanya, sai na tarar jikinsa a sanyaye. Ya ce mini, "Ɗana, na ga ajin da za ta yi karatu, na ga inda na biya kuɗi, har an nuna mini ofishin shugaban sashensu. Amma duk waɗannan da la'asar ake kulle su, kowa ya tafi gidansa. To, in ciwo ya kama ta da ƙarfe biyu na dare, ƙofar wa za ta buga?"

Na ce masa, "Baba, ai akwai hukumar makaranta." Ya ce, "Hukuma ba ta da ƙofa, mutum ke da ƙofa." Daga nan ban sami abin da zan ƙara ba. Wannan tambaya tasa ita ce na ɗauko mana yau, domin kuwa ba shi kaɗai take damu ba, ta shafi duk wanda ya taɓa sallamar ɗansa ko 'yarsa a tasha ya komo gida yana lissafin kwanaki.

Amsar da na gano daga baya ita ce, a ko'ina cikin duniya, wanda ake buga wa ƙofa da tsakar dare ɗalibi ne ɗan'uwan mai ciwon. Bambancin da ke akwai shi ne, a wasu ƙasashe an san da haka, an zaɓi ɗalibin, an koya masa aikin, ana kuwa biyansa, a wasu wurare kuma an bar abin ga duk wanda Allah ya sa wa tausayi. Ƙasar da ta fi shahara da tsarin farko ita ce Amurka, don haka bari mu fara leƙa can mu ga yadda suke yi, kafin mu komo gida.

YADDA AKE YI A AMURKA

A yawancin jami'o'in Amurka kowane bene ko kowane ɓangare na gidan kwanan ɗalibai yana da wani ɗalibi guda wanda hukuma ta ɗauka aiki don ya kula da sauran. Su can suna taƙaita sunansa da haruffa biyu, R.A., ma'anarsa kuwa mataimaki mazaunin gida. Mu a nan sai mu ce masa mai kula. Ɗalibi ne kamar kowa, yana zuwa aji, yana rubuta jarrabawa, yana kwana a ɗaki cikin jerin ɗakunan waɗanda yake kula da su. Mutum talatin ko arba'in, wani wurin ma fiye, su ne a hannunsa. A samansa akwai cikakken ma'aikacin jami'a wanda shi ma a cikin gidan yake zaune, shi ne mai kula yake kai wa duk abin da ya fi ƙarfinsa.

Ba haka abin yake tun fil'azal ba. A da, hukumar jami'a a Amurka tana ɗaukar kanta a matsayin uban ɗalibi, tana sa dokar lokacin shiga da na fita, musamman ga 'yan mata, akwai kuma dattijuwa a gidan mai lura da kowa. Wannan iko ya soma raguwa ne a shekara ta 1961, sa'ad da wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke hukunci a kan wasu ɗalibai baƙaƙen fata na wata kwalejin Jihar Alabama, waɗanda aka kora saboda sun shiga gwagwarmayar ƙin wariyar launin fata. Kotun ta ce ba a korar ɗalibi daga makarantar gwamnati sai an saurari ta bakinsa. A shekara ta 1971 kuma aka gyara tsarin mulkin ƙasar, ɗan shekara 18 ya sami ikon jefa ƙuri'a. To, wanda doka ta ce ya isa zaɓen shugaban ƙasa, da wuya a ce masa ya shige ɗaki da ƙarfe goma. Dokokin suka yi sassauci, dattijan nan suka janye, amma bukatar mai sa ido ba ta tafi ba. Nauyin sai ya ƙara komawa wuyan ɗalibai masu kula.

Ba a naɗa mutum wannan aiki don yawan magoya baya. Takardar neman aiki yake rubutawa, a duba makinsa na jarrabawa, a duba ko an taɓa kama shi da laifi, a yi masa tambayoyi gaba da gaba. In an ɗauke shi, sai ya katse hutunsa ya komo makaranta mako ɗaya ko biyu kafin sauran ɗalibai, a ba shi horo. Ana koya masa abin da zai yi in gobara ta tashi, da yadda zai gane wanda giya ko ƙwaya ta yi wa yawa har tana neman ransa, da yadda ake magana da wanda damuwa ta kai shi ga tunanin hallaka kansa, da yadda ake raba rigima ba tare da goyon bayan kowa ba. Wasu jami'o'in har wasan kwaikwayo suke shiryawa, tsofaffin masu kula su shiga ɗakuna su yi kamar suna faɗa ko suna kuka, sabon ɗauka ya buga ƙofa ya shiga bai san abin da zai tarar ba, bayan ya fito a gaya masa inda ya yi daidai da inda ya kuskure. Ai ba a fafe gora ranar tafiya.

Ranar da sababbin ɗalibai za su iso, shi ne mai tarbarsu da iyayensu, ya nuna musu ɗaki, ya tara su ya karanta musu dokokin gida. Yakan sa abokan ɗaki su zauna tun da wuri su yi yarjejeniya a rubuce game da lokacin kashe fitila, da shigowar baƙi, da taɓa kayan juna, domin an san zo mu zauna zo mu saɓa ne, gara a shirya wa saɓanin tun bai zo ba. Akwai kuma kwanan aiki da suke karɓa bi da bi. Wanda layi ya zo kansa ba shi barin gidan a wannan dare, yana riƙe da wayar aiki, yana zagaya benaye lokaci lokaci, yana duba ƙofofi, da kayan kashe gobara, da fitilun hanya. Wanda ya ɓatar da mabuɗi shi zai kira. Wanda maƙwabcinsa ya hana barci da kiɗa shi zai kira. Dokar ƙasar ta hana wanda bai kai shekara 21 ba sayen giya, alhali kuwa yawancin mazauna gidajen nan ba su kai ba, saboda haka in ya tarar ana sha dole ya rubuta rahoto ya miƙa. Bayan wannan duka, ana so ya lura da wanda ya daina fita aji, ko ya daina cin abinci, ko ya kulle kansa a ɗaki, ya lallaɓa shi ya kai shi wurin masu ba da shawara ko asibitin makaranta.

ABIN DA ƘOFA ƊAYA TA JAWO

Mai karatu zai iya cewa duba ƙofa ai aikin banza ne. To, ga abin da ya faru a Jami'ar Lehigh ta Jihar Pennsylvania. Ran 5 ga watan Afrilu na shekara ta 1986 wani ɗalibi ya shiga ɗakin wata yarinya 'yar shekara 19 mai suna Jeanne Clery tana barci, ya yi mata fyaɗe ya kashe ta. Ƙofofin gidan irin masu kulle kansu ne, amma ɗalibai sun tokare su a buɗe don sauƙin shiga da fita, ta nan ya bi har ya kai gare ta. Iyayenta da suka bincika sai suka tarar an yi manyan laifuffuka 38 a jami'ar cikin shekara uku kafin wannan rana, ba a kuwa sanar da ɗalibai ko iyaye ba. Ba su zauna ba sai da Majalisar Dokokin Amurka ta kafa doka a shekara ta 1990, wadda daga baya aka sa mata sunan 'yar tasu. Dokar ta tilasta wa duk jami'ar da ke cin moriyar tallafin ɗalibai na gwamnatin tarayya ta buga ƙididdigar laifuffukan da aka yi a harabarta kowace shekara. Ɗalibai masu kula suna cikin waɗanda aka wajabta wa kai rahoton laifin da aka gaya musu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, shi ya sa mai kula yake yawon dare yana neman tsagar.

Na biyu ya faru a Jami'ar Seton Hall ta Jihar New Jersey. Da asubahin ran 19 ga watan Janairu na shekara ta 2000, wajen ƙarfe huɗu da rabi, wuta ta kama a zauren hutawa na bene na uku a gidan kwanan sababbin ɗalibai mai suna Boland. Wasu ɗalibai biyu ne suka cinna wa wani allon takarda wuta da sunan wasa, ta kama kujeru. Ƙararrawar gobara ta yi ta kuka, amma da yawa ba su tashi ba, domin kafin wannan dare an sha kaɗa ta a kan ƙarya har sun saba. Wata mai kula, Dana Christmas, 'yar shekara 21, da ta ga hayaƙi, maimakon ta nemi hanyar tsira sai ta bi ɗakuna tana bugun ƙofofi tana ta da na ciki. Ɗalibai 3 suka rasu, fiye da 50 suka ji ciwo. Ita kuwa ta ƙone wajen kashi 60 cikin 100 na jikinta, Allah ya yi da sauran kwananta. A cikin shekarar nan Jihar New Jersey ta yi dokar da ta wajabta sanya bututun da ke fesa ruwa da kansa in ya ji zafin wuta a duk gidajen kwanan ɗalibai, abin da gidan Boland ba shi da shi a wannan dare.

Na uku kuwa shi ne harbin da aka yi a Jami'ar Virginia Tech ran 16 ga watan Afrilu na shekara ta 2007, inda wani ɗalibi ya kashe mutum 32. Ba a aji abin ya fara ba, a gidan kwana ya fara da sassafe. Cikin mutum biyun farko da aka kashe akwai mai kula da benen, Ryan Clark, ɗan shekara 22, wanda ya ji hayaniya a ɗakin wata ɗaliba ya fito ya duba. Ba wanda zai zarge shi da ya zauna a ɗakinsa. Amma ya san shi ne aka damƙa wa benen.

Ban kawo waɗannan don in tayar wa iyaye hankali ba. Irin wannan dare ba ya zuwa sai jefi jefi, yawancin masu kula suna gama wa'adinsu ba su ga abin da ya wuce rigimar abokan ɗaki da ɓatan mabuɗi ba. Na kawo su ne don a ga cewa duk ranar da abin ya zo, wanda ke kusa shi ne ke fara fuskantarsa, kafin 'yan sanda, kafin 'yan kwana-kwana, kafin shugaban jami'a ya ma ji labari.

TSAKA MAI WUYA

Wahalar aikin ta kullum kuwa wata ce daban. Mai kula abokin ɗalibai ne, tare suke cin abinci, wani ma ajinsu ɗaya. Shi ne kuma idon hukuma. In ya rufe ido ga laifin aboki ya ci amanar waɗanda suka ɗauke shi, in ya rubuta rahoto gobe ba mai yi masa sallama. Wata ta zo cikin kuka ta gaya masa abin da aka yi mata, ta roƙe shi kada ya faɗa wa kowa, alhali ƙa'idar aikinsa ta ce sai ya sanar da na sama. Shi ya sa a wurin horo ake koya musu su faɗi wannan tun kafin mai magana ta yi nisa, don kada daga baya ta ga kamar an yaudare ta. Ga shi kuma inda yake aiki nan yake kwana, ba shi da lokacin tashi. Daren da zai shiga jarrabawa da safe, daren ne wani zai suma a banɗaki.

Ladan aikin a mafi yawan wurare shi ne ɗaki kyauta, wasu su ƙara da abinci, wasu da ɗan kuɗin kashewa. Ba ƙaramin abu ba ne, domin kuɗin ɗaki da abinci a jami'o'i da yawa na Amurka ya haura dala 10,000 a shekara, shi ya sa 'ya'yan marasa ƙarfi suke rububin aikin. Amma a nan ma akwai tarko. Wanda aka sallama daga aiki ya rasa albashi, ya kuma rasa wurin kwana a rana ɗaya, saboda haka ba kowa ke iya buɗe baki ya ce an ɗora masa kaya fiye da kima ba. Wannan yana cikin abin da ya sa a shekara ta 2002 masu kula na Jami'ar Massachusetts da ke Amherst suka jefa ƙuri'a suka kafa ƙungiyar ƙwadago, su ne na farko a ƙasar. Daga shekara ta 2022 zuwa gaba takwarorinsu na wasu jami'o'i masu zaman kansu suka bi sahu, har wasu suka yi yajin aiki. Hujjarsu guda ce, wato in aikin ma'aikaci ne a ɗauke su ma'aikata.

MU KOMO GIDA

Ɗora wa babban ɗalibi kula da ƙanana ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Duk wanda ya san tsangaya ya san gardi, wanda shi ma almajiri ne yana kan karatu, amma shi ke ta da kolo da titibiri da asuba, ya duba allonsu, ya san wanda bai kwana a makaranta ba, ya gaya wa malam in wani ba shi da lafiya. Wanda ya yi sakandaren kwana kuma ya san manyan ɗaliban da ake naɗa wa shugabancin gida. Mun san amfaninsu, mun kuma san ɓarnar da suke yi in aka sakar musu bulala babu mai sa musu ido.

Jami'o'inmu na farko a kan tsarin gidajen kwana aka gina su. Ta Ibadan da aka kafa a shekara ta 1948 ta buɗe gidan Mellanby a 1952, daga baya wasu suka biyo, har da gidan Sultan Bello a 1962. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da aka buɗe a wannan shekara ta 1962 tana da nata, irin su Amina da Ribadu da Suleiman da Ɗanfodiyo da Akenzua. Kowane gida da malamin jami'a mai lura da shi, da masu tsaron ƙofa, da kuma shugabannin da ɗalibai suke zaɓa daga cikinsu, wanda a wurare da yawa ake ce wa babbansu gwamna.

Tarihinmu ma ya nuna cewa ƙaramar magana a gidan kwana tana iya zama babbar fitina. Ran 1 ga watan Fabrairu na shekara ta 1971 'yan sanda suka harbe Kunle Adepeju a Jami'ar Ibadan. Asalin zanga-zangar kuwa koken mazauna gidan Nnamdi Azikiwe ne game da yadda ake tafiyar da ɗakin cin abincinsu. Rikicin Ali Must Go na watan Afrilu 1978 ƙarin kuɗin abinci da na masauki ne ya tayar da shi. A shekara ta 1986 kuma, jerin gwanon tunawa da waɗanda aka kashe a 1978 ya ratsa gidan Amina na 'yan mata a Zariya, hukuma ta hukunta shugabannin ɗalibai saboda karya dokar hana maza shiga, abu ya yi ta girma har aka kira 'yan sanda ran 23 ga watan Mayu, aka yi asarar rayuka. Dalilan waɗannan rikice-rikice suna da yawa, amma dukkansu sun nuna abu ɗaya, shi ne inda ɗalibi yake ci yake kwana, nan ne zaman lafiyar jami'a yake.

Yau fa? Tun cikin shekarun 1980 da aka janye tallafin abincin ɗalibai, girki ya koma cikin ɗakuna. Ɗakin da aka gina don mutum huɗu sai ka tarar da takwas ko goma, da 'yan raɓe, ga risho, ga tukunyar gas, ga hita a maƙale da wayar da aka jona da leda, ga katifun soso jere a ƙasa. Malamin da aka ce yana lura da gidan a cikin gari yake kwana. Mai tsaron ƙofa ɗaya ne ko biyu ga ɗaruruwan mutane, ba ya kuma barin ƙofa. Gwamna da muƙarrabansa kuwa zaɓe ne ya kawo su, wani don ƙabila, wani don addini, wani don ya fi iya surutu. Akwai nagari a cikinsu masu ƙoƙari ƙwarai, akwai kuma waɗanda ake kuka da su kan sayar da gado da cin kuɗin gida. Amma nagarin da na banzan duk abu ɗaya ya haɗa su, wato da wuya ka sami wanda aka zaunar da shi aka koya masa abin da zai yi in rai yana cikin haɗari.

Na ga wannan da idona lokacin da nake karatun difloma. Wani dare wani abokin ɗakinmu mai ciwon sikila ya tashi cikin azaba, yana murƙususu, ba ya iya magana. Muka ruga wurin gwamna, muka tarar ya yi tafiya. Muka je wurin mai gadi, ya ce shi ba a ba shi lambar kowa ba. Mu tara a ɗakin, ba wanda ya san ko asibitin makaranta yana buɗe da dare. Wani ya ce a shafa masa man zafi, wani ya ce a watsa masa ruwan sanyi, abin da daga baya likita ya ce da mun yi da mun ƙara masa ciwo. Wanda ya cece mu wani ɗan shekarar ƙarshe ne daga ɗakin da ke kallonmu, wanda ƙanwarsa ke da irin ciwon. Shi ya ce a lulluɓe shi, a ba shi ruwa ya sha, ya fita da kansa ya samo mai babur. Ba wanda ya naɗa shi, ba wanda ya biya shi, har ya gama makaranta hukuma ba ta san ya yi ba. Da a ce a wannan dare ya je gida, ban san yadda labarin zai ƙare ba.

ABIN DA YA KAMATA

Ba na cewa mu kwaso tsarin Amurka ɗungurum mu dasa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, matsalolinsu ba duka ne namu ba. Amma akwai abubuwan da kowace jami'a da kwalejin kimiyya da fasaha da kwalejin horon malamai za ta iya yi ba tare da jiran Abuja ba.

Na farko, a raba wakilci da kulawa. Gwamna ya ci gaba da zama zaɓaɓɓen ɗalibai, mai kai kukansu gaban hukuma, domin wannan haƙƙinsu ne. Ban da shi, kowane bene a ɗauki ɗalibi ko ɗaliba daga cikin waɗanda suka yi shekara biyu ko fiye, bisa hali da natsuwa da makin karatu, a kuma lura kada a tara su daga ɓangare ɗaya. Na biyu, a ba su horo na mako guda kafin a buɗe makaranta. Malaman jinya na asibitin makaranta, da ma'aikatan kashe gobara na jiha, da ƙungiyar Red Cross, duk suna nan kusa, ba sai an yi odarsu daga waje ba. Na uku, a rubuta aikinsu da iyakarsa a manna a bango kowa ya gani, tare da lambar wayar da za a kira da dare, wadda kuma za a ɗauka. Na huɗu, a biya su, ko da yafe musu kuɗin gado ne da ɗan alawus. Na biyar, wanda shi ne ginshiƙi, a sami cikakken ma'aikaci mai kwana a gidan ko kusa da shi. Ɗalibi ɗan shekara ashirin ba likita ba ne, ba ɗan sanda ba ne, aikinsa ya gani da wuri ya kira wanda ya dace. In babu wanda zai kira, an tura shi yaƙi ne ba makami.

Na san za a ce ɗalibai za su ɗauke su 'yan leƙen asirin hukuma. Wannan tsoro yana da tushe, musamman ga wanda ya san tarihin da na ambata. Maganinsa shi ne a hana amfani da su wajen tattara sunayen 'yan ƙungiyar ɗalibai ko masu sukar hukuma, a rubuta haka cikin ƙa'idar aikin. Ranar da aka mai da mai kula ɗan rahoton siyasa, daga ranar ba mai sake buga masa ƙofa. Za a kuma ce za su yi zalunci irin na manyan ɗaliban sakandare. Shi ya sa bai kamata a ba su ikon hukunci ko cin tara ko rabon gado ba, kuma a buɗe hanyar da za a kai ƙararsu. Za a ce babu kuɗi. To, a lissafa kuɗin gadon ɗalibi ɗaya a kowane bene, a gwada shi da kuɗin gyaran gidan da ya ƙone, ban da ran da ba a saye.

Ku kuma iyaye, in kun kai yaro makaranta, bayan kun ga aji da ofis ku yi irin tambayar maƙwabcina. Ku nemi sanin wanda ke kwana a gidan, da lambar da ake kira, da ko asibiti yana buɗe da dare. In yaronku yana da ciwo mai tashi, ku sa ya gaya wa abokan ɗakinsa abin da za su yi. Hukumar makaranta tana jin maganar da iyaye suka yawaita yi.

Shekaranjiya na sake haɗuwa da dattijon nan a bakin masallaci. Ya ce 'yar ta bugo waya, ta ce akwai wata 'yar aji huɗu a ɗakin kusa da nasu mai kirki, ita ke nuna musu komi, har ta raka wata asibiti. Ya ce hankalinsa ya ɗan kwanta. Na taya shi murna, amma a raina na ce wannan baiwar Allah bana za ta gama, sababbin baɗi kuma ba su san wa za su tarar ba.

Allah ya tsare mana 'ya'yanmu a duk inda suke neman ilmi. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.